Saƙon Inna

Talata, 21 ga Janairu 2014, bayan la'asar

Sun fito da shi daga ɗakin tiyata. Likitan, wani Bature mai jan gemu, ya ce an ciro ƙarfen da ya shiga cikinsa, an yanke wani yanki na hanji an ɗinke. Da Faransanci ya yi bayanin, ma'aikaciyar jinya tana mayar mini da Sango, yaren garin nan, ni kuwa sai gyaɗa kai nake yi. Abu ɗaya na gane, yana numfashi. Akwai roba a hancinsa, akwai wata a gefen cikinsa tana ɗigar da wani ruwa cikin leda, ga ƙarin ruwa a hannu. Bai farka ba tukuna.

Ma'aikaciyar, Pelaji sunanta, wata doguwar mace mai babbar murya, ta dube ni ta ce, "Molenge ti mo?" wato ɗanki ne? Na kawar da kai na ce ɗan yayata ne. Bakina ne ya riga ni. Shi ne ɗana na fari, kuma a gidanmu ba a taɓa yin macen da ta buɗe baki ta kira sunan ɗan farinta ba, balle ta ce nawa ne. Ana yaye shi yayata Hureira ta goya shi ta tafi da shi gidanta a unguwar Yakite, tunda ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita yake kira Inna, ni kuma Tanti Sa'a. Ya sani, na sani, duk unguwarmu ta Kilomita Biyar ta sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta sunansa. Ɗan Hureira dai.

Ita ya kamata a ce tana zaune kan tabarmar nan, ba ni ba.

Laraba, 22, da hantsi

Ƙanenmu Dabo ya zo a motar asibiti, wadda sojoji ke yi wa rakiya, don ba mai iya ratsa hanyar nan da ƙafa yanzu in dai an san daga unguwarmu yake. Ya kawo mini zane, buta, garin kunu da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa. Ban tambaye shi ba, shi ya ja ni bayan ɗaki ya ce, "An kai Yaya Hureira makwancinta jiya kafin azahar. Mu kaɗan ne, cikin sauri aka yi."

Na ce Allah ya ba ku lada.

Ya ce, "Yaya Sa'a, kada ki bari ya ji. Ba a gaya wa mai ɗinki a ciki irin wannan maganar. Sai ya miƙe."

Na ce na ji.

Keken ɗinki. Saboda keken ɗinki fa, Hureira. Kin riga kin fito, kina ɗakina kina shan shayi, muna lafiya. Kika tasa yaro a gaba sai ya ɗauke ki a motonsa, babur ɗin da yake haya da shi, kun koma Yakite kun ɗauko keke. Ya ce a'a, kika ce shi ba namiji ba ne. Na ce a'a, kika ce in rufe miki baki tunda kin girme ni. To ga shi nan. Wallahi ina jin haushinki, haushin da ban san inda zan kai shi ba.

Na je na wanke zanen gadonsa a famfo.

Laraba, bayan magariba

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya juyo ya gan ni. Na ga yana neman wata fuskar a bayana.

"Tanti, ina Inna?"

"Tana gida."

"Ba abin da ya same ta?"

"Kai dai ka kwanta."

Ya ce iyakar abin da yake tunawa shi ne ta sauka ta shiga gida, shi yana ƙofa bai kashe moto ba. Na ce to alhamdu lillahi, ka yi shiru haka, likita ya hana ka magana. Likita bai hana ba. Abin da likita ya hana shi ne motsi, ya ce in ya yunƙura da ƙarfi ɗinkin ciki zai iya buɗewa, kuma ba su da jinin da za su ƙara masa.

Alhamis, 23, azahar

Ya tambaya sau da yawa. Tana gida.

Juma'a, 24, bayan asuba

Yau na goge masa jiki da tsumma da ruwan ɗumi. Tun yana jariri hannuna bai taɓa jikinsa ba. Ashe akwai tabon ƙuna a ƙaurinsa, na salansar moto, ban san da shi ba. Ashe gashin ƙirji ne da shi irin na mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Ya rufe ido don kunya, ni ma na ɗora idona kan bango, har muka gama.

Pelaji ta ja min kunne. Ta ce in zan fita bayan ɗaki wajen murhu in ɗaura kallabi irin na matan Kirista, in bar mayafi a ciki, in yi Sango kaɗai. Samarin nan masu adduna da ke farautar Musulmi suna zuwa jikin wayar shinge suna leƙe, suna ƙirga fuskoki. Salla kuma tsakanin gadonsa da bango nake yi, a zaune.

Har yanzu ko ruwa an hana shi, sai dai in jiƙa auduga in shafa masa a leɓe. Wai sai cikin ya motsa.

Lahadi, 26, da hantsi

Ya yi tusa.

Ban taɓa zaton zan rubuta wannan ba, balle in gode wa Allah a kai. Pelaji ta tafa hannu, tsohon da ke gadon kusa, wanda aka yanke wa ƙafa, ya ce da Sango a buga masa ganga. Shi kuwa ɗan Hureira ya ja zane ya rufe fuska, yana dariya yana cije leɓe saboda zafi. Na ce, kai, namiji guda, duk ɗaki ana yi maka barka da tusa. Ya ce, "Tanti, don Allah kada ki gaya wa Inna, har in mutu ba za ta bar ni in huta ba."

Na ce ba zan gaya mata ba.

Litinin, 27, la'asar

An ce ya fara shan abu mai ruwa-ruwa. Na dama kunun gyaɗa, na tace sosai, na kawo. Ya kalli kofin ya kawar da kai. Ya ce in Inna tana lafiya me ya hana ta zuwa, ai Kawu Dabo yana zuwa. Na ce hanya ba ta mata ba ce. Ya ce ke ba mace ba ce? Ya ce shi ba zai sa komai a bakinsa ba sai ya ga shaida. Taurin kan nan ba a wurina ya samo ba, a gidan Yakite aka koya masa.

Na fita da kofin. Na tsaya bayan ɗaki har ya ɗan huce, na juye a wani kwano mai murfi, na ɗaure da ƙyalle kamar abin da aka ɗauko daga nesa. Na dawo na ce Dabo ya aiko direba da shi yanzun nan, Inna ce ta dama da hannunta.

Ya ce, "Ta ba da saƙo?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ce, "Ta ce ka sha." Ya ci gaba da kallona. Sai na ji bakina yana cewa, "Ta ce tun ranar ba ta runtsa ba. Ta ce kai ne abin da ta fi so a duniya."

Ya ɗago kai na ba shi da cokali, ya sha kusan rabi.

Astagfirullah. Amma ya sha.

Laraba, 29, bayan magariba

Kullum yanzu sai da saƙo. Kafin ya buɗe baki ya karɓi cokali sai ya ce, "Me Inna ta ce?" Ni kuwa tun ina wajen murhu nake shirya abin da zan faɗa. Jiya Inna ta ce ta tuna ranar da ya fara tafiya, a tsakar gida, yana riƙe da igiyar shanya. Yau Inna ta ce duk ranar da ya wuce ta gaban shagon atamfa a kasuwa da fasinja, tana binsa da ido har ya sha kwana, tana yi masa addu'a. Sai da na faɗa na tuna Hureira ba ta da shago a kasuwa. Ni ce mai shago. Ya buɗe baki ya karɓi cokali.

Ba na jin wahalar samo maganganun nan, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Suna nan a tare kamar kayan da aka daɗe da ninkewa a akwati.

Da yamma Pelaji ta zo canza bandeji, ta ji yana Inna, Inna. Ta juyo kaina. Ta ce wace irin uwa ce wannan, ɗanta na kwance an farke masa ciki, ita sai aiko da kunu? Ta ce ita da ɗanta ne ko a cikin wuta za ta ratso. Ta ce gobe za ta yi wa direba magana ya ɗauko ta, akwai wuri a mota. Ya riƙe hannunta yana singila, singila, wato na gode.

Ina tsaye da tasa a hannu. Na ji kamar in kwaɗa mata ita. Me ta sani? Me ta sani a kan abin da uwa ke iya yi da abin da aka hana ta?

Alhamis, 30, da sassafe

Na tare Pelaji a wajen famfo na gaya mata kada ta aika direba, ba wadda zai ɗauko. Ta fahimta tun kafin in ƙarasa. Ta ajiye bokitinta, ta yi alamar nan tasu ta gicciye a goshi da ƙirji. Ta ce, "Shi ke nan ba shi da uwa." Na ce haka ne.

Ta ce ita ba ta son ƙarya ga majinyaci, amma za ta yi shiru har a cire zare. Ta gaya masa wai mota ta cika da masu rauni. Wannan ma ba ƙarya ba ce, yau har a baranda aka kwantar da mutane.

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan la'asar

Dabo ya zo sallama. Gobe manyan motoci za su tashi zuwa iyakar Kamaru, ya samu wuri shi da iyalinsa. Ya ce rabin layinmu ya watse, an ɗaure katifu da kwanoni, masu shaguna suna cire ƙofofinsu su tafi da su. Ya ce akwai wuri ɗaya saboda ni.

Na ce shi fa?

Ya ce likitoci za su kula da shi, in ya warke ya biyo mu. Ya ce, "Ai ba ke kika raine shi ba, Yaya, ba wanda zai ga laifinki."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce Dabo, tun kana tsumma nake wanke maka kashi, kada ka sa in manta da girmanka a gaban mutane. Allah ya kiyaye hanya, ka gaida matarka Zulai.

Ya shiga ya yi masa sallama, ya ce zai je Kamaru sayo kaya. Ya fito yana share ido da hularsa. Shi yana da damar yin kuka. Ni har yau ko ɗigo.

Litinin, 3, azahar

Laifina ne, na bar wayata a ƙarƙashin matashi na tafi wanki. Kwana da kwanaki ina ce masa ba caji. Lambar Inna a kansa take.

Ihun tsohon nan mai ƙafa ɗaya ne ya dawo da ni. Na same shi a ƙasa tsakanin gadaje, ya fizge ƙarin ruwan, robar gefen cikinsa ta fita, bandeji ya jiƙe. Yana ta cewa wani namiji ne ya ɗauka, wani ne ya ɗauka da Sango yana dariya, a bar shi ya je Yakite. Ni da Pelaji da wani ma'aikaci muka mayar da shi gado, yana da nauyi, yana dukan hannuna.

Na riƙe fuskarsa na ce, ka saurare ni. Ƙwace wayar aka yi ranar, shi ya sa ba ta kira ka ba. Tana ɗakina, lafiyarta ƙalau. Ya ce ki rantse. Na ce ba na rantsuwa a kan abin da ka riga ka sha kununsa.

Ya dube ni, ya dube ni. Sai ya saki jiki ya bar su suka yi aikinsu.

Talata, 4, magariba

Zazzaɓi. Cikin ya kumbura ya yi tauri, wurin yana wari. Sun sake shiga da shi. Likita bai kalle ni ba da zai wuce.

Laraba, 5

Ya fito. Bai san inda yake ba.

Alhamis, 6, asuba

An yi ta harbi ta wajen unguwarmu. Ban ma tashi na leƙa ba.

Juma'a, 7, bayan azahar

An sake hana shi komai ta baki, don haka ba kunu. Amma saƙon ban fasa ba. Idonsa a rufe, jikinsa kamar garwashi, na sunkuya daidai kunnensa ina faɗa. Inna ta ce ranar da aka haife ka ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ungozoma ta makara. Inna ta ce ranar da aka tafi da kai ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, ta yi kwana uku nono na zuba, ba ta gaya wa kowa ba. Inna ta ce duk rigar sallar da ka sa tun kana yaro ita ta yanko yadin, ta ba da a ɗinka. Inna ta ce ka yafe mata, haka ta tarar ana yi.

Ban san ko yana ji ba. Pelaji tana tsaye a bayana da allura, ba ta jin Hausa. Da na ɗago ta daɗe tana kallona, ta kalle shi, ta ce, "Yeke yeke, mama." A hankali, wai.

Hureira, kin riƙe shi shekara da shekaru, ban taɓa cewa ki dawo mini da shi ba. Yanzu ina roƙonki, kada ki kira shi.

Lahadi, 9, da hantsi

Zazzaɓi ya sauka. Ya yi gumi har katifa. Ya nemi ruwa da bakinsa.

Litinin, 10, bayan magariba

An ce a sake gwada kunu. Na dama, na juye a kwanon nan, na ɗaure da ƙyalle. Na shigo na ce, Inna ta ce.

Ya ce, "Tanti, zauna."

Na zauna a bakin gado. Ya rame, idanunsa sun faɗa, muryarsa ba ta fita sosai.

Ya ce, "Kawu Dabo ya tafi Kamaru, amma kunu na zuwa da zafinsa." Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "Ba ma wannan ba. Tun saƙon farko. Inna ba ta taɓa ce mini tana sona ba. Da ita ce ta aiko, cewa za ta yi, ku gaya wa ragon nan ya tashi ya bar wa mutane gado."

Haka za ta ce. Wallahi haka za ta ce, har na ji muryarta.

"Ranar ce?"

"Ranar ce."

"An yi mata salla?"

"An yi. Kawunka yana wurin."

Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce, "Ni na kai ta can." Na ce ita ta kai ka, ina wurin, kuma ko ni ban isa in hana ta ba, balle kai. Sai kukan ya taho masa. Na ga cikinsa yana girgiza, tsoro ya kama ni, na ɗauko matashi na danna masa a kan ɗinkin yadda Pelaji ta koya mana saboda tari. Na riƙe da hannu biyu. A nan nawa ya zo, wanda ya ƙi zuwa tun ranar da Dabo ya shigo da jar ƙasa a wando. Muka yi ta yi, ni ina danne da matashi, tsohon nan ya juya mana baya don ya ba mu wuri.

Pelaji ta duba bandeji bayan nan. Bai jiƙe ba. Amma kunun bai sha ba, ya juya fuska bango har magariba.

Talata, 11, bayan asuba

Ban san da me zan lallashe shi yau ba. Abin da nake sa shi cin abinci da shi ya ƙare. Likita ya ce in bai ci ba naman ba zai haɗe ba, kuma ba za su iya shiga da shi karo na uku ba.

Na dama a gabansa ma, a bakin taga, na zuba a kofi ba ƙyalle ba murfi. Na miƙa. Bai karɓa ba, bai kuma dube ni ba, idonsa na kan ledar ƙarin ruwa. Hannuna har ya fara gajiya.

Sai ya ce, "Yau ba saƙo?"

Na rasa inda zan sa idona. Na kalli bango, na ce, "Akwai."

"Me aka ce?"

"An ce ka sha da zafinsa. An ce ba ta da kowa a garin nan sai kai. An ce kada ka tafi ka bar ta."

Ya miƙo hannu ya karɓi kofin da kansa, ya hura, ya kurɓa.

Ya ce, "Ki ce mata na ji."

Na ce to, zan gaya mata.